Motar Da Ta Ƙi Bushewa

Daga: Direba mai lamba 14,
Sashen Sufuri, Ofishin Shiyya.
23 ga Satumba.

Zuwa ga: Mai Girma Daraktan Gudanarwa,
Babban Ofishi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: FARAR MOTA MAI LAMBAR OFIS 09, DA TAKARDAR TUHUMAR DA AKA BA NI A KANTA

Ina miƙa gaisuwata cikin ladabi, tare da neman afuwa kan tsallake Jami'in Sufuri da na yi na rubuto muku kai tsaye. Sau biyu na kai masa maganar nan da baki, sau ɗaya a rubuce, amsar da na samu ita ce takardar tuhuma. Shekarata goma sha ɗaya ina tuƙi a wannan hukuma, ina kai ma'aikatan rigakafi da akwatunan sanyinsu ƙananan asibitoci, ban taɓa rubuta ƙorafi ba sai yau. Ga yadda abin ya kasance.

1. Ranar 3 ga Yuni aka ba ni makullin motar, aka ce daga wata shiyya aka turo mana ita. Fentinta sabo ne, rigunan kujeru sababbi, an kuma fesa mata turare har yana hawa kai. Washegari da safe na tarar gilasanta duka sun yi gumi ta ciki, alhali motocin da ke gefenta garau suke. Da na taka kafet, sai ruwa ya tsattsafo ta gefen takalmina. Babbar nas ɗin da nake ɗauka ta yi dariya, ta ce motar nan ta fi mu duka ƙwazo, tun ba a fara aiki ba ta soma zufa. Daga ranar ma'aikata suka laƙaba mata Mai Zufa. Ni ma da ni aka yi dariyar.

2. Ban bar abin haka ba. Na cire shimfiɗun roba na shanya, na bar ƙofofi a buɗe cikin rana kwana uku a jere, na shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa. Na zargi ƙanƙarar akwatunan rigakafi, na sa musu faranti a ƙarƙashi, farantin ya wuni a bushe. Duk safiya jaridun sai sun jiƙe sharkaf. Da turaren ya gushe kuma sai wani wari ya taso, ba na funfuna kaɗai ba, irin na tabon bakin rafi.

3. Ranar 19 ga Yuli da la'asar, muna dawowa ana ruwa, gilashin gaba ya rufe da gumi cikin ƙiftawar ido, waifa ta tsaya da kanta, fitilun dashbod suka hau kawowa suna ɗaukewa. Saura ƙiris na take wata mata mai goyo a bakin shataletale. Allah ne ya tsare. Na kai rahoto a rubuce. Ranar 22 ga wata aka miƙo mini takardar tuhuma, wai ina barin gilasai a buɗe, ina kuma wanke cikin mota da tiyo. Ranka ya daɗe, ban taɓa yin ko ɗaya ba.

4. Ranar 11 ga Satumba, da izinin Shugaban Direbobi, na kai ta wurin bakaniken ofis, muka wuni a kanta. Ya fara shafa ruwan kafet ɗin ya sansana, ya ce ba daga hita yake ba, domin ruwan hita yana da santsi da wani ƙamshi mai zaƙi, ga shi ruwan lagireto bai ragu ba. Ya hura bututun da ke zubar da ruwan esi, wato na'urar sanyaya mota, ya same shi a buɗe. Sai ya ce in shiga in rufe ƙofa in zuba ido, shi kuma ya riƙa zuba ruwa da tiyo daga ƙasa yana yin sama. Robobin ƙofa ba su yoyo. Da ya kai saman gilashin gaba, sai na ga ruwa yana gangarowa ta bayan dashbod. Ya duba ya ce gilashin ba na asali ba ne, kuma wanda ya liƙa shi sauri yake yi. Da ya shiga ƙarƙashinta, ya tarar an cire toshiyar roba guda uku na ƙasan mota ba a mayar ba. Ya ce ba a cire su sai in ana son tsiyaye ruwa mai yawa.

Bakaniken nan mutum ne mai surutu da barkwanci, amma daga nan bai sake wasa ba. Ya kama bel ɗin kujerar direba ya jawo shi har ƙarshe, sai ga busasshiyar laka a jikinsa. Muka kwance kujeru muka ɗaga kafet. Soson da ke ƙasa ya yi baƙi ƙirin, ana matsa shi yana zubar da ruwa, ƙarƙashinsa kuma lallausan yashi ne da 'yan ƙananan katantanwa. Wayoyin da suka bi ta wurin duk sun yi kore. Ya ɓalle murfin fitilar da ke rufin mota ta ciki, yashi ya zubo masa a tafin hannu. Ya ce da ni motar nan ba yoyo kawai take ba, nutsewa ta taɓa yi har rufinta.

5. A cikin ƙarfen da kujerar direba ke gudu a kai muka zaro wani tabarau, ido ɗaya ya fashe, an ɗaure ƙafarsa ta hagu da baƙin zare. Ni na ɗaure zaren nan da hannuna. Tabarau ɗin marigayi babban direbanmu ne, wanda kowa ke kira Sannu-Sannu saboda bai taɓa gudu da mota ba. Shi ya karɓe ni ranar da na fara aiki, shi ya koya mini hanyoyin nan, Baba nake ce masa. Kamar yadda ofishinku ya sani, ranar 28 ga Agustan bara ruwa ya tafi da motarsa a kan ƙaramar gada, yana dawowa shi kaɗai daga kai rigakafi. Allah ya jiƙansa. Motarsa shuɗiya ce. Bakanike ya kankare fenti kaɗan a bakin ƙofa, shuɗi ya bayyana. Na nemo tsohon littafin tafiye-tafiyen marigayin, lambar shasi, wato wadda aka buga a ƙarfen jikin mota, ɗaya ce da ta wannan. A taron ma'aikata na 15 ga Satumban bara, Jami'in Sufuri ya tsaya a gabanmu ya ce motar ba ta gyaruwa, an cire ta daga aiki har abada.

6. Wannan sashe na rubuta na yaga sau uku, domin ban san yadda ake sa irinsa a takardar ofis ba. Tun makon farko na lura duk lokacin da gilashin ƙofar direba ya yi gumi, akwai wasu ɗige-ɗige guda bakwai a wuri ɗaya, daidai kafaɗata, da suke fitowa fili. Na ɗauka tsakuwar hanya ce ta tsattsage shi. Bakanike ya sa farce ya bi su ta waje, sumul. Ya bi su ta ciki, farcensa ya maƙale a kowanne. Ya ce sara ne da wani ƙarfe, kuma daga ciki aka yi shi. Wato Baba ya yi ta ƙoƙarin fasa gilashin ya fita. Mu dai an gaya mana ruwan farat ɗaya ya zo, Baba bai ma san abin da ya faru ba. Haka aka gaya wa iyalinsa. Wata uku ina jingina kafaɗata a wurin nan ina sauraron rediyo.

Ba ina cewa akwai wani abu a motar ba. Bakanike ya yi mini bayanin kowane ɗigon ruwa, na kuma gamsu. Kujerar ma da kullum nake matsowa gaba, in zo da safe in tarar ta koma baya daidai zaman dogon mutum irin Baba, ya ce tsatsa ce ta cinye haƙoran ƙarfen, wuri ɗaya kawai take kamawa. Na yarda da shi. Sai dai tun ranar ko a motar haya nake, gilashi ya soma gumi, hannuna ne ke zuwa kan mariƙin ƙofa ban sani ba. Maiɗakina ta ce na daina magana a gida.

7. Ni da matar marigayin unguwarmu ɗaya. Ranar 6 ga Agusta, ban san komai ba tukuna, na gan ta a bakin titi ruwa yana dukanta, na tsaya na rage mata hanya. Ta zauna a gaba. Da ta ji kafet a jiƙe sai ta tattare zanenta, ta tsokane ni, ta ce da Babanka yana nan da ka sha faɗa, shi ko ƙura ba ya bari a motarsa. Gilashi ya yi gumi, ta sa gefen mayafinta ta riƙa goge mini don in ga hanya. Da za ta sauka ta shafa dashbod, ta sa wa motar albarka, ta ce Allah ya tsare ni a cikinta.

8. Ranar 12 ga Satumba na mayar da makulli na ce ba zan ƙara tuƙa ta ba. An rubuta cewa na ƙi aiki. Ranar 18 aka mayar da kujerun, aka sake fesa turare, aka ba wani direba da ba a gaya masa komai ba. Ni na gaya masa, amma sabon ɗauka ne, yana tsoron ya ce a'a. Mutum biyar take ɗauka kowace safiya, damina ba ta ƙare ba, kuma hanyarsu ta bi ta kan waccan gadar. Bakanike ya ce wayoyin na iya ɗaukewa a kowane lokaci, a shirye yake ya faɗi haka a gaban kowa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙo cikin ƙanƙan da kai:

(a) A dakatar da motar yau, kafin a gama nazarin wannan takarda.

(b) A bincika wanda ya ba da umarnin a sake mata fenti da lamba a dawo mana da ita, da dalilin da ya sa aka ɓoye mana.

(c) A janye takardar tuhumata da zargin ƙin aiki.

(d) A gaya wa iyalin marigayin gaskiya. Tabarau ɗin yana wurina, na wanke shi na naɗe a hankici. Sau uku ina zuwa ƙofar gidan matarsa da shi a aljihu, in yi sallama, mu gaisa, ta tambayi yara, in juyo da abina. Ina roƙon a haɗa ni da wani babba daga ofishinku mu je tare. Ni zan miƙa mata, amma in ta tambaya a ina aka samo shi, ba ni ya kamata in amsa ba.

Idan a ce ɗaya kawai za a iya yi mini cikin huɗun nan, to a yi na farko.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi muku jagora. Ina jiran umarninku.

Naku cikin biyayya,

(sa hannu)
Direba mai lamba 14,
Sashen Sufuri.