Dillalin Bai Kira Ni Ba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna, ya yara? Ni lafiya lau, barci ne kawai ya yi ƙaranci.

Kan maganar a-kori-kurar da zan yi jigilar kaya da ita ne. Na same ta, amma dillalin ya ɗora ƙari mai nauyi kan farashin kamfani, wai kowa ita yake nema. Na yi yadda ka koya mini a kasuwa: na taya, na miƙe, na nufi ƙofa a hankali ina jiran ya ce, "Dawo, na sallama." Har tsayawa na yi ina gyara takalmi. Ko kai bai ɗago ba. Washegari na koma, wani ya tafi da ita.

Mai shagon da zan riƙa ɗaukar wa kaya ba zai jira ni ya wuce ƙarshen wata ba. Wata motar tana hanya, ƙarinta ya fi na farko. Kuɗin gonarka ne a ciki, shi ya sa na kasa yanke shawara ni kaɗai. In biya?

Allah ya bar zumunci. Kada ka gaya wa Inna tukuna, na ce mata na fara aiki.

Ƙaninka