Cokali Biyu da Ba Sa Cikin Littafin Sinyor

Ni, Letekidan 'yar Habtezgi, mai gidan abincin Ottavio da ke Asmara, nake rubuta wannan da hannuna. Ƙafa ta ƙi, ido ya rage, amma hankalina garau yake, kada wani ya ce tsufa ne ya yi magana. Tesfalem, Nigisti, 'ya'yana, ku zauna a tebur ɗaya ku karanta. Ɗaya na ce.

Na farko. Gidan abincin naku ne ku biyu, ba a raba shi. Tesfalem, na ji ka kira magini ya auna inda za a ja bango a tsakiyar falo. Ka sallame shi. Da tebur huɗu na sami gidan nan ranar da Sinyor Ottavio, Ba'italiyen da ke da gidan, ya ɗauke ni aikin murza taliya. Yau talatin ne, har baƙi daga Roma suna tsayuwa a ƙofa suna jiran kujera. Bango uku ni da mahaifinku muka rushe kafin ya kai haka.

Na biyu, kuma shi ne mai nauyin. Shekara biyu ke nan ba ku gaisa ba saboda miyar taliya. Tukunya biyu a murhu ɗaya, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, har masu kai abinci suna tambayar baƙo, "Ta Yaya za ka ci ko ta ƙanwa?" Abin kunya! Tesfalem, ka dawo daga koyon girki a Bolonya ta Italiya, ka dafa yadda Sinyor ya rubuta a littafinsa, ka ɗanɗana ta ƙanwarka ka ji ba ɗaya ba. A gaban ma'aikata ka ce mata, "Kin mayar da gadon Sinyor miyar ƙauye, gara ki koma gasa wainar injera." Ta yi shiru. Ka ɗauka rashin gaskiya ne ya rufe mata baki. Ni na rufe shi.

Ga yadda aka yi. Shekarar da yaƙi ya shigo gari Italiyawa suka watse, Sinyor ya miƙa mini makulli da littafin yana kuka wiwi, ya ce, "Lete, kada ki canza ko ƙwayar gishiri." Na rantse masa. Ba a yi wata shida ba man zaitun ya ɓace a kasuwa. Kai kana bayana a goye, Nigisti tana cikina. In rufe gida mu ci rantsuwa? Na ɗebo tesmi, man shanunmu na gida mai kayan ƙamshi, cokali biyu, na ƙara yajin berbere iya abin da yatsu uku suka ɗauka. Ranar nan sai da mutane suka suɗe faranti da burodi. Da man zaitun ya dawo na koma bin littafi, sai wani tsohon direban jirgin ƙasa ya ture farantinsa ya ce, "Mama Lete, yau wa ya mutu a kicin?" Ban sake gwadawa ba.

Daga baya wani ɗan jarida ya zo daga Italiya, ya rubuta cewa ya ji ɗanɗanon hannun kakarsa a gidanmu. Muka rataye takardar a bango, ciniki ya buɗe, ni kuma tsoro ya kama ni, kada a gane a watse. Da hannuna ya fara gazawa kana Bolonya, sai na koya wa Nigisti, na sa ta rantse a kan gicciye ba za ta faɗa wa kowa ba. Ta riƙe amana, ta sha zaginka, ina zaune ina kallo don ina jin kunyar ɗana ya san na yi ƙarya. Nigisti, 'yata, na cuce ki. Ki yafe mini. Na sauke miki rantsuwar.

Tesfalem, harshenka bai ruɗe ka ba, miyar ba ta cikin littafi. Amma ka tuna wasiƙar da ka aiko mini, ka ce ka zaga Bolonya kaf ba ka sami irin miyar gida ba? Ita ce ka kira ta ƙauye. Ta uwarka ce.

Na uku. Littafin na Nigisti ne. Kai na bar maka jebena, tulun kofina. Da hannunka za ka soya kofi ka dafa wa ƙanwarka, zubi uku kamar yadda aka saba, ba mai tashi kafin na ukun. Kada ka ce mini maza ba sa yi. Mahaifinka ya taɓa yi mini, ya ƙona rabi, na sha na yafe masa.

Na huɗu. Sunan Sinyor ya zauna a ƙofa, mutumin kirki ne. Amma ka ari littafin ka rubuta cokali biyun nan a ƙarƙashin rubutunsa, a daina ɓoyo.

Allah ya yi muku albarka, ya raya 'ya'yanku, kada wutar murhun nan ta mutu. Ku riƙe juna, ba ku da kowa sama da juna. Ranar arba'in ɗina ku ciyar da duk wanda ya shigo, daga tukunya ɗaya. Nigisti ta zuba man shanun, kai ka riƙe mata ludayi.