Ƙauyen da Ɗalha Ya Mayar Kore

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Na dawo Gumel. Wata biyar ni da Ɗalha muna yawo a kwalekwale a bakin teku can kudu, muna tantance wuraren da mai zai fi yi wa ɓarna in bututu ya fashe. Inda muka sa ja a taswira, nan za a fara kai shingen tare mai. Kore kuwa sai an gama da kowa. Inna ta ce na rame.

Laraba, 9 ga Oktoba
Ɗalha ya ce in huta, shi zai kai rahotonmu ofis. Na tura masa komai. Ajinmu ɗaya tun firamare, ni na samo masa aikin ma.

Asabar, 19 ga Oktoba
Rahoton ya fito. Ƙauyen Mama Ebiere kore ne. Tashar jiragen ruwan wani kamfani kuma ta koma ja, ga sunana a ƙasa.

Mama Ebiere ce ta sauke ni a ɗakinta sati uku. Ta nuna min rafin da suke kamun kifi, daga nan suke sha. Ranar da zan taho ta riƙe hannuna, ta tambaye ni wane launi aka ba su. Na ce ja, Mama, ku ne farko.

Lahadi, 20 ga Oktoba
Na kira Ɗalha. Bai ma yi musu ba. "Radiyya, shingen ba zai ishi kowa ba, ke ma kin sani." Na ce to me ya sa bai gaya min ba. Wai ya san ba zan yarda ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba
A motar Maigatari na ji daga bakin yayarsa A'i: kamfanin nan ya ɗauke shi aiki. Tana ta murna. Na ce Allah ya sa alheri.

Juma'a, 25 ga Oktoba
Ban ci komai ba.

Talata, 5 ga Nuwamba
Na tura wa shugabar ofis taswirar asali da duk awon da muka yi, na kwafa wa dagacin ƙauyen. Wataƙila aikina ya tafi ke nan. Shekara ashirin ko takalmi ba na saya sai na ji ta bakin Ɗalha. Yau sai da na wanke kwanukan rana na lura ban ko ɗauki waya na nemi shawararsa ba.