Hannun Baba a Bakin Injin

Calumet, Mishigan

Zuwa ga Yayana Arvid,

Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ku lafiya, kai da Lorna da yara. Allah ya ƙara mata sauƙin gwiwar nan. Mu nan lafiya lau, sai dusar ƙanƙara da ta kai mana taga, kai kuwa kana Arizona kana shan hantsi abinka.

Maganar Baba ce ta sa na rubuto. Ka san ya rantse ba mai fitar da shi daga gidan nan muddin yana iya share hanyar motarsa da kansa. Ranar Asabar na tarar da shi a gareji yana ta fizgar igiyar tayar da injin kwashe dusar ƙanƙara, yana tsine wa wanda ya ƙera shi. Ashe man bara ya bari a tanki, ya yi kauri kamar zuma. Na tsiyaye shi, na wanke kafireto, na sa sabon fulogi. Yana tsaye a kaina yana tsiya, wai yarinyar da ko kofi ba ta iya dafawa ba ita ce yau bakanike. Ina ja injin ya tashi. Da ma ka ga murnarsa!

Ya share rabin hanya tsaf, sai injin ya haɗiyi jaridar da ta daskare a ƙarƙashin dusa, ya shaƙe. Na zaci zai kashe shi, ya zare wayar fulogi, ya ɗauko sanda ya zungure. Ina! Injin na ruri Baba ya tuɓe safar hannu ya miƙa yatsu cikin bututun da ke feso dusar. Ban san lokacin da na bangaje shi ba, muka zube tare. Baba fa, Yaya! Mutumin da ya rene mu yana nuna mana guntayen yatsun Kawu Eino da irin injin nan ya gutsure, Baban da ya taɓa ja maka kunne don kawai ka leƙa bututun nan.

Bai yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya zauna cikin dusa yana kallon hannunsa, can ya tambaye ni wai ba ya kashe injin ba ne? Na ce bai kashe ba. Ya ce to. Ni na zungure jaridar, na canza wata ƙusar injin da ta karye lokacin da ya shaƙe, na ƙarasa sharar. Muna shiga kicin ya roƙe ni kada in gaya maka.

Ga shi na gaya maka, don ni kaɗai ba zan iya ɗaukar wannan ba. Da zan tafi na zare makullin injin na jefa a aljihu, yana tsaye a taga yana kallona. An ce wata dusar na tafe ranar Alhamis, kuma har yau bai kira ya nemi makullinsa ba. Ka zo, Yaya. Kada ka jira sai ƙanƙara ta narke.

Ka gaishe min da Lorna, da Tessa da Nolan. Gwaggo Helmi tana gaishe ku duka.

Taka ƙanwa,
Marlys