Ruwan Sama Ya Jiƙa Karan Karatu

Zuwa ga Yaya Malam Usmanu a Sakkwato,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa daga Kalmalo. Yaya jiki, yaya iyali da ɗalibai? Ƙafar Inna ta yi sauƙi?

Yaya, mun daɗe muna zaton duk yaro mai gyangyaɗi a kan allo malalaci ne. Haka na ɗauki ɗanka Sanda, har na yi niyyar mayar maka da shi bayan kaka, don wata biyu bai wanke allonsa ba.

Sai ruwa ya jiƙa mana karan wuta, kwana bakwai babu karatun dare. Yara suka riƙa kwanciya da an idar da lisha, sai asuba. Shekaranjiya Sanda ya biya mini allonsa tsaf, babu tuntuɓe! Na ce, "Mi ya same ka?" Ya ce, "Baffa, isasshen barci ne na samu."

Ashe mu ke hana su barci, da safe mu tsawata musu. Kara ya bushe, amma ban sake hura wutar ba. Sanda kuwa ba inda za shi.

A gaida Inna, a sa mu cikin addu'a. Ka gwada da naka ɗaliban mako guda, ka aiko mini da labari.

Ƙaninka,
Abdu