Lambar da Ke Cikin Jar Da'ira

Babba,

Ka yi wa ubanka ƙarya, kuma ƙaninka ta ci.

Na tambaye ka ma'anar 18 ɗin nan da ke cikin jar da'ira a jikin wasan da kake ba Auta a wayarka, ka ce yawan matakan wasan ne. Na yarda, har ina yabonsa a gareji wai ya kusa gama su. Jiya malamarsa ta kira ni. Auta ya danne wani yaro a aji, ya ɗora masa rula a maƙogwaro, yana dariya wai ya samu maki. Ita ta gaya mini lambar shekaru ce, an hana wa wanda bai kai ba. Ranar haihuwata ka shigar don wasan ya buɗe wa ɗan shekara bakwai.

Masu wasan sun manna gargaɗinsu sun wanke hannu. Ina amfanin kulle ƙofa, ɓarawo yana cikin gida? Ana goge wasa daga waya, amma abin da ya shiga idon yaro ban san mai goge shi ba. Na yi wa Auta faɗa, sai ya tambaye ni yaushe zai ci gaba da wasan.

Na fita aiki. In ya tashi, kai za ka kai shi makaranta, ka tsaya gaban uwar yaron nan ka ba ta haƙuri.

Kada ka nemi wayar. Na sa mata guduma, ɓaraguzan suna kan teburinka.