Damen Geron da Ka Ƙi Karɓa

Zuwa ga mahaifina, Malam Amadu na Tama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifi, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Baba, shari'ar lambunmu na fadama ta kai gaban alƙali a Buza. 'Ya'yan amininka marigayi Malam Idi sun ce kyauta ka ba ubansu, ba aro ba. Gonar tudu ta daina ciyar da gida, kuma lambun nan shi ne abin da Inna ta sa wa ido.

Ni da ka tura karatun shari'a Yamai, ni aka bar wa binciken. Ina zaune da kundin doka mai sharhi. A sama ayar doka ce, gajeriya. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, masana sun jero yadda alƙalai suka fassara ta. Nakan bi kowane hukunci har tushensa, in duba ko wani na baya ya soke shi. Aikin ba wuya. Ina yinsa kamar mai tsince tsakuwa a wake.

Duk inda na bi, wuri ɗaya nake ɓullowa: wanda aka ara wa ƙasa yakan kai wa mai ita dame ɗaya kowace kaka, shi ne shaidar aro.

Na tuna Malam Idi a ƙofar gidanmu da damen gero a kan jaki. Ka fito ko takalmi babu, ka juya jakin da hannunka. Ka ce, "Ba ni amsar dame ga wanda munka ci tuwo ƙwarya guda." Ya yi dariya, ya koma da abinsa. Daga baya ya daina kawowa.

Ban yi kuka ba da na gane shaidarmu ce ka mayar ran nan. Ban ji haushinka ba. Ban ji komai ba, na dai juya shafi.

Sharhin ya bar ƙofa ɗaya: a sami wanda ya taɓa jin mai ƙasa ya nemi hakkinsa, ko da a cikin faɗa ne. Na zo Tama, na bi dattawa gida-gida ina tambaya ko ka taɓa yi wa Idi gori, ko sau ɗaya. Kowa sai ya riƙe baki, ya ce, "Haba ɗiyata, Amadu hwa?"

Ban sami ko mutum ɗaya ba, Baba. Har yanzu ban faɗa wa Inna ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, kai da Malam Idi.

'Yarka,
Hadiza